Zancen Lafiyar Gida: Fitilar da Ke Tona Asirin Ruɓaɓɓiyar Gyaɗa

A lokacin kaka gyaɗa ta shigo gida, masara tana shanye, mata suna ɓara, yara kuwa suna kewaye da su suna jiran abin da za a miƙo musu. Kowace uwar gida ta san al'adar: a zuba gyaɗa a faifai, a tsince ƙwayoyin da suka yi baƙi ko suka yamushe, a ware su gefe guda. Zancenmu na wannan wata a kan waɗannan 'yan ƙwayoyin ne. Masana sun yi shekara fiye da 60 suna bincike a kansu, har sun ƙera injuna masu fitila da kyamara domin farautarsu. Abin da suka gano ya shafi tukunyar kowane gida, shi ya sa muka ga ya kamata mu bayyana muku shi daki-daki.

Yadda aka gane dafin

A shekarar 1960 wata cuta ta auka wa talotalo a Ingila. Cikin 'yan watanni fiye da 100,000 suka mutu, aka tarar hantarsu ta lalace. Da ya ke ba wanda ya san sanadin, sai aka sa mata suna Cutar X. Da aka bi sawu, aka iske an ciyar da tsuntsayen da tunkuzar gyaɗa wadda aka kawo daga Burazil. A 1961 masana suka gano mai laifin, watau wata irin funfuna da su ke kira Aspergillus flavus. Tana zaune cikin ƙasa, tana kama gyaɗa da masara da irin auduga da barkono da agushi da sauran irinsu. In ta sami zafi da laima sai ta fitar da wani dafi, wanda aka raɗa wa suna aflatoksin.

Labarin nan ya girgiza ƙasarmu, gama a lokacin Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen sayar da gyaɗa waje, dalar gyaɗa kuma tana tsaye a Kano. Nan da nan masanan aikin gona na Samaru ta Zariya suka shiga bincike. Suka tarar dafin ya fi yawa cikin gyaɗar da kwasfarta ta fashe, da wadda gara ko ƙwari suka huda, da wadda ta daɗe a ƙasa bayan ta nuna, da wadda ba ta bushe da wuri ba.

Abin da ya ke yi wa jiki

Hanta ce dafin nan ya ke nema. In mutum ya ci mai yawa a lokaci ɗaya, sai amai da ciwon ciki su kama shi, idanunsa su yi rawaya kamar na mai shawara, ƙafafu su kumbura, wani lokaci har ya kai ga mutuwa. A 1974 mutum fiye da 100 suka mutu a yammacin Indiya bayan sun ci masarar da ta yi funfuna. A 2004 a gabashin Kenya an lissafta mutum 317 da suka kamu, 125 daga cikinsu suka rasu, mafi yawa kuwa masarar gonarsu ce suka ci.

Amma abin da ya fi yawa a wurarenmu shi ne cin kaɗan-kaɗan, yau da gobe, ba tare da an ji kome ba. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aflatoksin cikin jerin abubuwan da aka tabbata suna kawo wa mutum sankara, musamman ta hanta. Wanda ke ɗauke da ƙwayar ciwon hanta na B, in yana cin dafin nan, hatsarinsa ya ninka na wanda ba shi da ita kamar sau 30. Game da yara kuwa, wani bincike da aka buga a 2002 a kan yara 480 a Benin da Togo ya nuna waɗanda suka tsumbure sun fi sauran yawan dafin cikin jini. Saniyar da ta ci gurɓatacciyar tunkuza tana fitar da wani kashi na dafin cikin madararta, haka ma mace mai shayarwa cikin nononta.

Dafin ba shi da wari, ba shi da ɗanɗanon kansa, wuta kuma ba ta gamawa da shi. Suya tana rage wani abu, tafasa kuwa da ƙyar ta ke taɓa shi. Saboda haka kunun gyaɗa da miyar taushe da ƙuli-ƙuli suna iya ɗauke da shi ko da sun dahu sarai.

Wake ɗaya shi ke ɓata gari

Ƙasashe sun kafa iyakar abin da za su yarda da shi cikin abinci. A Amurka iyakar ita ce kashi 20 cikin biliyan, watau giram ɗaya na dafi cikin tan 50 na gyaɗa, ko mu ce buhu 500 masu kilo ɗari-ɗari. A Tarayyar Turai, ga gyaɗar da za a ci kai tsaye, kashi 4 ne kawai cikin biliyan.

To, ga inda wuyar ta ke. Dafin ba ya bazuwa cikin buhu daidai-wa-daida kamar gishiri cikin miya. Yana taruwa ne cikin 'yan ƙwayoyi ƙalilan, sauran dubbai kuwa lafiyarsu lau. An taɓa auna ƙwaya guda aka sami dafin da ya kai kashi miliyan ɗaya cikin biliyan. Ku yi lissafi tare da mu. Ƙwayar gyaɗa tana da nauyin kamar rabin giram. In aka niƙa irin wannan ƙwaya guda tare da kilo 25 na lafiyayyar gyaɗa, watau ƙwaya wajen 50,000, ta isa ta kai su duka bakin iyakar nan ta Amurka.

Wannan ne ya sa gwajin ɗakin bincike, ko da ya ke shi ne alƙali, ba ya wadatarwa shi kaɗai. Mai dubawa ya kan ɗebi samfur daga buhuna daban-daban, a Turai har kilo 20 daga babban kaya, ya niƙa, ya tace da magunguna, ya auna. In hannunsa ya kuskure mugayen ƙwayoyin, sai kaya masu dafi su wuce. In kuwa ya faɗa a kansu, sai a ƙi kayan gaba ɗaya, alhali mafi yawansu masu kyau ne. Abin da aka niƙa kuma ya tafi ke nan. Don haka masana suka ce, ashe abin da a ke bukata shi ne hanyar duba kowace ƙwaya ɗaya-ɗaya, da sauri, ba tare da an fasa ta ba. Haske ne ya ba su hanyar.

Hasken da ido ba ya gani

Kun san bakan gizo, launukansa sun faro daga ja sun ƙare a shunayya. Iyakar abin da idon mutum ke gani ke nan, amma haske bai ƙare a nan ba. Bayan shunayya akwai wani mai suna ultrabayolet, irin na fitilar da a ke duba jabun kuɗi da ita a banki. Kafin ja kuma akwai infrared, wanda rimot na talabijin ke aiki da shi. Waɗansu abubuwa in aka haska su da ultrabayolet cikin duhu sai su yi ƙyalli da launin kansu.

Aflatoksin yana cikinsu. In aka tace shi daga gyaɗa a ɗakin bincike aka haska shi, wani irinsa ya kan yi ƙyallin shuɗi, wani na kore. Daga sunayen launukan nan biyu da Turanci aka sami haruffan B da G da a ke kiransu da su. Mai suna B1 shi ne ya fi duka muni.

Tun cikin shekarun 1970 masu sayen masara a Amurka su kan farfasa 'yar masara su sa ta ƙarƙashin wannan fitila. In suka ga ƙyalli mai ruwan tsanwa-tsanwa da rawaya, sai su aika da ita gwaji. A Turkiyya, wadda ta fi kowace ƙasa sayar da busasshen ɓaure, ma'aikata su kan tsaya cikin ɗaki mai duhu, ɓaure yana wucewa gabansu ƙarƙashin fitilun, suna cire duk wanda ya yi ƙyalli. Sai dai ku lura da wani abu: wannan ƙyalli na masara da ɓaure ba na dafin kansa ba ne. Yana fitowa daga wani sinadari dabam, asid na kojik, wanda funfunar ke yi sa'ad da ta ke cin ɗanyen iri. Sawun ɓarawo ne a ke gani, ba ɓarawon ba. Wata ƙwaya ta kan yi ƙyalli ba dafi a cikinta, wata kuma tana da dafi ba ta yi ƙyalli ba. Wajen gyaɗa ma ba a dogara da wannan gwaji.

Injin da ke tsince gyaɗa

Daga nan aka ɗora aikin a kan inji. A manyan masana'antun gyaɗa, ƙwayoyi su kan gangaro ta wani kwararo su faɗo cikin iska a jere. Fitilu suna haska su, kyamarori suna kallonsu gaba da baya. Kwamfuta tana gwada kowace ƙwaya da kamannin mai kyau da aka koya mata. In ta ga wadda ta saɓa, sai wani ɗan bututu ya fesa iska, fit, ya ture ta cikin wani mazubi dabam. Duk wannan kafin ƙiftawar ido, ƙwaya dubbai cikin daƙiƙa guda. Masu wannan aiki sun lura injin ya fi kamawa in an ɗan gasa gyaɗar an murje jan ɓawonta tukuna, gama tabon da funfuna ta bari yana ɓoye ƙarƙashin ɓawon.

Kyamarar wayar hannu launi uku ta ke rarrabewa, ja da kore da shuɗi. Yanzu masana suna aiki da wata wadda za mu iya kira kyamara mai ido ɗari, domin tana raba haske gida ɗari ko fiye, har da infrared. Funfuna in ta shiga ƙwaya tana cin manta da garinta, tana sāke yadda ƙwayar ke shan haske da yadda ta ke mayar da shi. Domin a koya wa kwamfuta gane wannan, sai a ɗauki hoton ɗaruruwan ƙwayoyi, sa'an nan a niƙa kowace ɗaya a auna dafinta, a nuna wa kwamfutar wace ce mai dafi, wace ce lafiyayya. Da haka ta ke koyon alamun da idonmu ba ya kamawa.

A 2018 kamfanin Bühler na Suwizalan ya fito da wani inji mai suna LumoVision domin masara, wanda ke aiki da ultrabayolet. Kamfanin ya ce injin yana iya tace har tan 15 cikin awa guda, ya rage dafin da abin da ya kai kashi 90 cikin ɗari. Irin wannan na manyan 'yan kasuwa ne. Amma a 2017 waɗansu masana na Amurka da Kenya sun ba da labarin wani ƙaramin inji mai araha, mai 'yan fitilu launi-launi, wanda suka gwada da masarar da aka saya a kasuwannin Kenya. Ya rage dafin da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Burinsu shi ne wata rana a sami irinsa kusa da injin niƙa na gari, mace ta tace masararta kafin a niƙa.

Kada mu zarce da yabo. Yawan dafin cikin ƙwaya ƙanƙane ne ainun, saboda haka galibi ɓarnar funfuna kyamara ke gani. Injin da aka koya wa masarar wata ƙasa sai an sāke koya masa kafin ya iya da ta wata. Ya kan ture waɗansu masu kyau tare da munanan, ya kan kuma bar waɗansu munanan su wuce. Har yanzu gwajin ɗakin bincike ne ke yanke hukunci na ƙarshe. Muna kuma gargaɗinku, kada wani ya sayi tocilan ta duba kuɗi ya haska gyaɗarsa, ya ce tun da ba ta yi ƙyalli ba lafiya ta ke. Ba ta nuna kome a kan gyaɗa, haskenta kuma yana cutar ido.

Faifai ma yana da nasa ƙarfi

Abin da ya kamata ya ƙarfafa mu shi ne, aikin da injin miliyoyin kuɗi ke yi, shi ne dai uwar gida ke yi da faifanta. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Mafi yawan dafin yana cikin ƙwayoyin da ido ke iya zargi: masu baƙi ko tabo, yamutsattsu, ƙanana da ba su cika ba, fasassu, da waɗanda ƙwari suka huda.

An gwada wannan a Afirka ta Yamma. A ƙasar Gini masana sun ɗauki ƙauyuka 20. A rabinsu aka koya wa manoma tsince gyaɗa da hannu, da shanya ta a kan tabarma har ta bushe sosai, da zuba ta cikin buhun algarara, da ɗora buhunan a kan katako, da sa maganin ƙwari a ɗakin ajiya. Sauran rabin suka ci gaba da yadda suka saba. Bayan wata biyar aka auna jinin mutane. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna dafin da ke jinin mutanen ƙauyukan farko bai kai rabin na sauran ba. Ba inji, ba lantarki.

Ina waɗanda aka tsince ke zuwa?

Nan ne zancen ya zo kanmu. Tsincewa, ko da inji ko da hannu, ba ta kashe dafi. Tara shi ta ke yi wuri ɗaya. Dafin da dā ya ke warwatse cikin buhu guda, yanzu ya taru cikin ɗan kwano. A masana'antar da ke bin doka, abin da injin ya ture a kan kai shi matsar mai inda a ke tace man da sinadarai har dafin ya fita, ko kuwa a hallaka shi.

A gidajenmu fa? Sau da yawa mai kyau a ke kaiwa kasuwa, wadda aka tsince ta zauna a gida. A miƙa wa yara su tauna, a zuba cikin miya, a watsa wa kaji, ko a sayar da ita da araha ga mai yin mai da ƙuli-ƙuli. In an matse mai kuwa, mafi yawan dafin cikin tunkuza ya ke zama, ita ce kuma ƙuli-ƙulin da yaranmu ke saya a bakin makaranta. Mun san ba mugunta ke sa a yi haka ba, tattali ne, gama ba mai son zubar da abin da ya sha rana ya noma. Amma wannan tattali irin na neman gira ne a rasa ido. Ɗan kwanon nan shi ne mafi hatsari cikin dukan amfanin gonar, kuma mafi ƙanƙantar jiki a gidan shi a ke ba.

Haka abin ya ke tsakanin ƙasashe. In injuna suka tace mai kyau aka tura Turai, aka bar abin da suka ture yana yawo a kasuwanninmu, to, fitilar ta kāre 'ya'yan waɗansu, ta ƙara wa namu nauyi. Duk ƙungiyar manoma ko ta mata da ke shirin sayen injin tsincewa, ya kamata tun kafin a biya kuɗi a yi shawarar inda za a kai abin da ya ture.

Abin da kowane gida zai iya yi

Ku cire gyaɗa da zarar ta nuna, kada ku bar ta a ƙasa. Fari a makonnin ƙarshe kafin cira yana ƙara hatsari, saboda haka a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ku ninka kulawa. Gyaɗar roro, da ta tsiron da ya bushe tun kafin lokaci, kada a gama su da sauran.

Ku shanya a kan tabarma ko tamfol, ba a kan ƙasa tsirara ba, ku kwashe kafin raɓa ko ruwa. Gyaɗa ta bushe in kun girgiza kwasfa kun ji tana ƙara, in kun ciza ƙwayar kuma ta fashe ƙaras. Kada ku yayyafa wa kwasfa ruwa domin ta yi saukin ɓarewa. Ajiya cikin kwasfa ta fi, a ɗaki mai iska, buhu a kan katako, nesa da bango.

Ku tsince sau biyu. Na farko bayan ɓara, da rana, a inda haske ya ke sosai. Na biyu bayan kun soya kun murje ɓawon, kamar yadda masu injin ke yi, ku cire duk wadda ta yi tabo ko launinta ya bambanta. Wadda kuka tauna kuka ji ɗaci, ku tofar. Masara ma ku ware gorar da ta yi funfuna tun kafin a sussuke. Abin da kuka tsince kuwa, ku ƙone shi ko ku binne shi da zurfi inda kaji da awaki ba za su tono ba.

Manoma su tambayi malamin gona labarin Aflasafe, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA a Ibadan ta haɗa. Dawa ce da aka shafe da wata irin funfunar da ba ta yin dafi. A kan watsa kilo 10 a hekta guda, ita kuwa sai ta riga mai dafin kama wuri a gonar. Malamin zai faɗa muku lokacin da ya dace a watsa wa masara da wanda ya dace da gyaɗa.

Iyaye kuma su tabbata an yi wa kowane jariri allurar rigakafin ciwon hanta na B, ta farko a ranar haihuwa, sauran a kan lokacinsu. Tana cikin alluran yara a Nijeriya tun 2004. Hantar da ba ta da wannan ciwo ta fi ƙarfin jure wa dafin.

Mai yin ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa na sayarwa, 'yar'uwa, in an kawo miki gyaɗa mai arahar da ta wuce hankali, ki zuba ta a faifai ki duba kafin ki biya. Masu saye kuma, in ta ƙara ɗan kuɗi domin ta yi aiki da gyaɗa mai kyau, kada mu yi mata ƙorafi.